Ɗanasabe da Gudun Faƙo

Ɗanasabe taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ina da izinin faɗin gaskiya a kansa ba tare da ya kai ƙarata ko'ina ba. Gajere ne, mai faɗan tsiya, kuma tun da nake ban taɓa ganin farcensa ba baƙin mai a ciki ba. Rumfarsa ta gyaran babura tana bakin titi a Talata Mafara, kusa da masu rake, daidai inda motocin Sakkwato suke rage gudu. Ni kuwa sunana Taiba, na yi aikin jinya har na yi ritaya, kuma rabin ƙafafun da na ɗaure a rayuwata babur ne ya karya su. Shi yana gyara ƙarfen, ni ina gyara mai ƙarfen, haka muka tsufa muna ɗora wa juna laifi.

Yana da ƙane, Auwalu. A wancan zamani in za a kai amarya, samari sai su cika titi da babura, wannan ya saki hannu, wancan ya miƙe tsaye a kai, 'yan mata na ihu. Auwalu ya fi kowa iyawa. Ranar wata rakiya zuwa Bakura ya sha sabuwar babbar riga, yana cikin gudu iska ta kwashi gefenta ta cusa a tayar baya. A gabana aka shigo da shi asibiti. Ba abin da ya rage mana sai rufe masa ido.

Kowa ya zaci Ɗanasabe zai rufe rumfa. Bayan an tashi daga zaman makoki sai ga shi a gidana, ya zauna a bakin tabarma yana murza hula.

"Taiba, ba a hana matashi gudu," in ji shi. "Ni na sani, don na yi. Sai dai a nema mai wurin da in ya hwaɗi, mota ba ta bi ta kainai."

Na ce masa ya haukace. Ya ce ai gado ne daga wajen gwaggonsa, wato uwata.

Wurin da ya samo wani faƙo ne a bayan Bakura, gefen wata 'yar tunga da ake kira Tungar Nagode. Ƙasa ce mai tauri, shimfiɗe kamar tire, ko ciyawa ba ta yarda ta fito a kanta. Ya bi mai gari, ya bi dattawa, ya bi rugage yana roƙon a janye shanu ranar wasa. Haka aka fara Gudun Faƙo, sau ɗaya a shekara, bayan an gama kai amfanin gona gida. Ba tsere ba ne irin na kafaɗa da kafaɗa. Mutum ɗaya ne ke shiga fili, ya taso daga wannan turke ya wuce wancan, wani malamin wasanni yana riƙe da agogo. Wanda ya fi sauri ya tafi da ragon da mahautan Mafara suke bayarwa.

Dokoki kuwa, wayyo, sai da samari suka gwammace kiɗa da karatu. Ba babbar riga, ba rawani, ba abin da iska za ta iya kamawa. Silifa ba ya shiga fili. Hular kwano dole, ko ta aro ce. Birki Ɗanasabe ne zai taɓa da hannunsa, kuma yana taɓa birkin yana leƙa idon mai babur, in ya ga alamar an haɗiyi wani abu, sai shekara mai zuwa. 'Yan kallo duk gefe ɗaya, bayan igiya. Jajibiren wasa kuma duk mai son hawa sai ya cire takalmi ya taka filin nan da ƙafarsa tun daga farko har ƙarshe, yana tsince ƙaya da tsakuwa, yana cike ramin gafiya. Ɗanasabe ya ce wanda tafin ƙafarsa bai san fili ba, tayarsa ma ba ta san shi ba.

Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne wurin tsayawa. Ya sa an bar fili bayan turken ƙarshe wanda ya fi na gudun kansa tsawo, a ƙarshensa aka zuba yashi mai laushi. Can yake tsayawa ranar wasa, shi kaɗai, nesa da taro, sai ni a gefensa da akwatin magani. Duk shekarun nan bai taɓa kallon gudun da kyau ba. Na taɓa yi masa tsiya, na ce mai biki ya koma bayan gida. Ya ce shi ba gudu ya zo kallo ba, tsayawa ya zo kallo.

Allah sarki zamani. Tun da hantsi za ka ga babura suna kwararowa daga Maradun, daga Gidan Goga, daga Damri, kowa ya wanke nasa yana ƙyalli. Masu tsire su kafa tukuba, masu rake su jibge kaya. Gida na ƙarshe a bakin faƙon na Dada ne, wata Bafulatana doguwa mai faɗin murya, wadda take dama fura a ƙwarya ƙatuwa ta sayar har ta ƙare. Ita ce mai guɗa. Ba wanda ya naɗa ta, amma a hankali ya zama ba mai sakin babur sai ya ji guɗar Dada, ko da an sauke tutar fara gudu. Ɗanta Balarabe ya ci ragon nan har mahauta suka fara cewa gara su kai masa gida tun da wuri. A duk tsawon wasan, abin da na ɗaure bai wuce gocewar ƙashi da ƙujewar gwiwa ba, kuma ina faɗin wannan da alfahari, ko da yake ban taɓa faɗa a gabansa ba.

Sai shekarun da ba ma son ambato suka zo. Babur ɗin da muke yi wa guɗa ya zama abin hawan masu zuwa da bindiga. Wata rana suka shiga Tungar Nagode da rana tsaka, suka kore shanu, suka bar Balarabe kwance ba rai a ƙofar gidan uwarsa. Daga nan ba wanda ya ƙara maganar wasa. Igiyar 'yan kallo ta koma ɗaure kaya a rumfar Ɗanasabe, shi kuma ya ƙara faɗa, ya rage dariya.

Da abin ya ɗan lafa a wannan yanki, sai wata sabuwar damuwa ta taso masa a cikin gida. Ɗansa Shamsuddeen ya girma, kuma kamar an tsaga Auwalu an fito da shi, har yadda yake karkata kai in yana dariya. Shi da abokansa suka mayar da titin Mafara filin wasa, da yamma, a tsakanin tireloli. An yi faɗa, an yi nasiha, an ɓoye makulli, duk a banza. Wata rana na iske Ɗanasabe a rumfa riƙe da sufana, bai ɗaura komai ba, yana bin ƙarar babur ɗin yaron da kunne har ta ɓace.

"Za ni maida Gudun Faƙo," ya ce, bai ko kalle ni ba. "In ban maida shi ba, Taiba, ke za ki ruhe ma wanga ido kamar yadda kinka ruhe ma wancan."

A wannan karon ban ce ya haukace ba. Tsoro ne ya kama ni, don na san gaskiya ya faɗa.

Ya yi zirga-zirga ba kaɗan. Ya nemi izinin hukuma, ya zauna da masu tsaro, ya kira mai garin tungar a waya, aka ce bismilla. Samari suka yi murna, suka yi alkawarin barin titi in har za a ba su fili. Aka sa ranar zuwa duba faƙon. Ni ina bayan babur ɗin Ɗanasabe ina yi masa mitar ramuka, samari a gaba, biyu-biyu, kowa ya kifa hular kwano kamar yadda doka ta ce, Shamsuddeen ne ja-gaba.

Abin da ba mu lura da shi ba, ranar kasuwar Damri ce. Mazan tungar duk sun tafi, har mai garin. Saƙon kuwa a bakin maza ya tsaya, ba wanda ya tuna ya shiga cikin gida ya gaya wa mata. Su abin da suka ji shi ne ƙarar babura da yawa tana nufo su, suka hango mutane biyu-biyu ba a ganin fuskarsu.

Da muka isa, garin ba kowa. Tukunya na tafasa a kan murhu, turmi da taɓarya a yashe, takalmin wata ɗaya a bakin hanya. Can nesa muna hango bayan mata da goyo suna kutsawa cikin kara. Muka tsaya kamar waɗanda aka watsa wa ruwan sanyi.

Shamsuddeen ne ya ga Dada. Tsufa ya hana ta gudu, sai ta ja jiki ta shige ƙarƙashin rumbu, gwiwarta ta daki dutsen da aka ɗora shi a kai. Ya durƙusa ya miƙa mata hannu, ya manta hular tana kansa. Ta dube shi ta ce, a hankali, ba ko kuka:

"Ɗana, bari in yi shahada tukuna."

Yaron ya fizge hular ya jefar. Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba.

Ni na wanke mata gwiwar na ɗaure. Ɗanasabe yana tsugune a gabanta, ya yi gaisuwa, ya maimaita, ya ba da haƙuri har muryarsa ta dushe. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce:

"Ɗanasabe, ka yi ma riga doka, ka yi ma takalmi doka. Mu da muka ji da kunne, wa ya yi muna?"

Ɗanasabe ya miƙe ya kama babur ɗinsa. Haka muka juyo Mafara.

Sai da ya koma tungar shi kaɗai, a ƙasa daga bakin hanya, ya bi gida-gida yana sallama, yana magana da mata ta bayan zana. Da ya dawo ya tara samari a rumfa ya faɗa musu sabuwar doka, ya ce ita ce gaba da duk sauran. Akwai wata tsamiya nesa da gari, nan kowa zai kashe babur. Daga nan turawa za a yi. Mutum ɗaya, babur ɗaya, fuska a buɗe, hula a rataye a hannun babur. Mai kalangu ne zai shige gaba don a san biki ne ke tafe. A fili kuma inji ɗaya ne zai yi rai a lokaci guda, sai ya mutu wani ya tashi.

Rumfa ta kaure da gunaguni. Wani ya ce shi bai sayi babur don ya yi masa dako ba. Wani ya ce 'yan mata za su yi musu dariya, gara titi, can ba mai sa su turi. Ɗanasabe ya bi su da kallo, don ya san in suka watse, titin nan za su koma, da ɗansa a gaba. Shamsuddeen dai kansa na ƙasa.

Ranar wasa muka isa tsamiya da hantsi, rana ta fara zafi. Aka tsaya cirko-cirko, injuna na ruri, kowa na jiran ya ga wanda zai fara. Shamsuddeen ya murɗe makulli, ya sauka, ya rataye hularsa, ya kama turi ba tare da ya waiwayi kowa ba. Mai kalangu ya ruga ya sha gabansa. Sai na ji injunan nan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ba abin da ake ji sai kiɗa da ƙarar taya a kan yashi. Haka suka shiga tungar suna gumi, suna gaida kowace ƙofa. Mata suka leƙo, wasu da mayafi a baki. Ba wadda ta ruga.

Taron bai kai rabin na da ba. Ba tsire, ragon ma ɗan ƙarami ne. An fito da Dada an zaunar da ita a kan tabarma bayan igiya, ƙafarta a miƙe. Ni da Ɗanasabe muka taka zuwa wurinmu na da, bakin yashi.

Daga can muka hango an sauke tuta. Shamsuddeen ne na farko, amma bai taso ba. Inji na ruri, shi yana zaune, ya juya kai wajen igiya. Aka sake kaɗa tuta, bai motsa ba. Jira ya yi tsawo har na fara cewa ko wani abu ya lalace.

Sai muka ji ta. Siririya ce, tana karyewa a tsakiya, ba ta kai rabin wadda muka sani ba, amma guɗar Dada ce. Matan tungar suka karɓe ta.

Yaron ya taho kamar an harbo shi, ya wuce turken ƙarshe, ya fara rage gudu, ya rage, ya rage, har tayar gaba ta nutse a yashi a gaban ubansa. Ya kashe inji, ya cire hula yana haki.

Ɗanasabe ya sunkuya ya taɓa birkin, ya daɗe a sunkuye fiye da yadda taɓa birki yake bukata. Na buɗe baki zan yi masa tsiya kamar kullum, sai na ga ruwa na ɗiga a kan yashi daga fuskarsa, na rufe bakina.

"Ka tsaya da kyau," ya ce wa ɗansa. "Tura shi ka koma, wani na jira."