Jirgin Da Bai Jira Kamasho Ba

Malam Edita, karatuna bai wuce aji huɗu ba, in ka ga rubutun ya karkace ka miƙar da shi. Shekara talatin na yi ina kamasho a wata tasha a Kaduna, kuma lokacin da abin nan ya faru gani nake duk duniya babu wanda ya kai ni sanin harkar tafiya. 'Yata mai aikin nas ce ta ɗauko mu ni da uwarta ta ajiye a garin Landover, can ƙasar waje, inda aikina ya koma leƙen taga da yi wa jikoki faɗa da Hausa suna amsa mini da Turanci.

Da muka cika shekara arba'in da aure sai ta yankar mana tikitin jirgin ruwan shaƙatawa zuwa wani tsibiri mai farin yashi. Matata tana da ciwon suga, safe da yamma take yi wa kanta allura. Yarinyar ta nanata har sau uku cewa in aka ce a dawo jirgi ƙarfe huɗu, to huɗun ake nufi. Na ce mata ta daina koya wa kamasho lokacin tashi.

Da safe muka sauka tsibirin, ga Turawa kwance a rana kamar an shanya kilishi, ni da babbar rigata na rasa inda zan ajiye idona. Ana haka sai na ji wani mai tasi yana waya da Hausa. Ashe ɗan Jos ne, ya rantse sai mun je gidansa mun ci tuwo. Aka ci, hira ta yi daɗi. Wajen ƙarfe uku matata ta taɓa ni ta nuna agogo, ta tuna mini allurarta tana firjin ɗakinmu a jirgi, fasfo ma yana can. Mai gidan ya miƙe yana lalubar makulli. Ni na zaunar da su. Na yi musu bayani irin na masana, cewa a dokar tafiya mota ba ta tashi da kayan fasinja shi yana ƙasa, kuma da gangan na bar hulata a kan gado don a san wurin da mai shi. Na ce jirgin ma ai mota ne, ruwa kawai aka shimfiɗa masa.

Biyar saura muka iso tashar jirgin, jirgi ya yi nisa har ya koma kamar ƙoƙo a tafki. Mai gadi yana ta nuna mini wani ofis, ni kuwa na rufe shi da faɗa na juya. Kunya ta hana ni kiran 'yata, rashin takarda ya sa na ji tsoron asibiti. Ɗan Jos ya mayar da mu gidansa, ya roƙe ni mu je asibitin, na ce ya bari in yi dabara tukuna. Matata ba ta yi mini musu ba, don ba ta saba ba. Sai ruwa take ta sha tana cewa gajiya ce. Safiya ta biyu na tashe ta salla, ba ta motsa ba.

Kwana tara ta yi a asibitin tsibirin. 'Yata ta biyo jirgin sama ta zo, ta wuce ofishin nan da na ƙi shiga. Ashe kafin su tashi ma'aikatan jirgi sun ajiye mana fasfo da allurar a can, da hulata a kai. Ta ɗauko hular ta miƙo mini.

Matata ta rayu, amma ƙodarta ta tafi. Sau uku a mako ake yi mata wankin ƙoda, ina gefenta a zaune, kuma awa guda kafin lokaci nake sa a kai mu. Har yau ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, iyakarta in ta ga ina duba agogo ta ce Kamasho ya koyi lokaci. Da ma zagina take yi, da na fi samun sauƙi.

'Yan'uwana tsofaffi da 'ya'ya suka kawo ƙasar nan, sanin da muka zo da shi na can ne. In yaro ya faɗa maka ƙa'ida ka ji, in an nuna maka ƙofa ka shiga ka tambaya, in matarka ta nuna agogo ka miƙe. Hular tana nan rataye a bayan ƙofa, ban sake sa ta ba.