Hannuwan Malamin Gado Na Uku

Sista Doguwa ake ce mata. Shekararta goma sha tara a sashen kulawa ta musamman, inda na'ura ke taya marasa lafiya numfashi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta tilo tana aure a nesa.

Ɗaurin hannu aka fi saninta da shi. Mara lafiya in ya farfaɗo ya ji roba a maƙogwaro, fizge ta yake yi, nas biyu kuwa ba sa iya tsaron gado takwas. Sai a ɗaure hannuwansa da bandeji a ƙarfen gado. Nata ɗaurin ba ya kwancewa, ba ya cin fata. Abokan aiki har tsokanarta suke, wai da ɗaurin kaya take yi a tasha da tuni ta sayi mota.

Wata Talata aka kwantar da wani tsohon malamin makaranta a gado na uku, huhunsa ya gaza. Bayan kwana huɗu ya farfaɗo, hankalinsa garau, sai dai ba halin magana. Ya yi ta motsa yatsu har ta gane biro yake so. Ta riƙe masa takarda, ya rubuta a karkace: "Kwance ni, 'yata. Ba zan taɓa ba."

Ta sami likita. "Ranka ya daɗe, bawan Allahn nan yana cikin hayyacinsa. Ko a bar matarsa ta zauna kusa da shi?"

"Doka ta hana zaman 'yan uwa," in ji shi. "In ya fizge robar ya shaƙe, ni da ke wa zai amsa?"

Ba mugu ba ne, ta sani. Shi ma tun safe bai zauna ba.

Sai ta sadaukar da hutun cin abincinta. Kullum da rana ta kwance shi minti talatin, ta zauna gefensa. Ya sosa hanci, ya shafa fuska, ya gyara bargo da kansa. Lokaci na cika shi yake miƙo mata hannuwan, wannan kuwa ya fi komai yi mata ciwo.

A kwana na tara, tana zaune wurinsa, na'urar gado na shida ta ɗauki ƙara. Ta ɗaure malamin a gaggauce, ta ruga. Sai bayan awa guda ta dawo, ta tarar ta tamke shi da yawa, yatsunsa sun kumbura. Ta ba shi haƙuri. Ya juya fuska bango.

Malamin ya warke, aka sallame shi. Bayan wata biyu ta gamu da shi da matarsa a barandar asibiti. Matar ta yi ta sa mata albarka. Shi kuwa ya zura hannuwa a aljihu, ya ce da dusasshiyar murya, "Na gode da kika ceci raina, Sista. Amma har yau in uwargida ta taɓa hannuna ina barci, ihu nake yi."

Ta ba abokiyar aikinta labari. "Ke ma kin faye sa abu a rai," in ji abokiyar. "Mutum ya fita da ƙafarsa, me kuma?"

Ta rubuta wa hukumar asibiti takarda tana roƙon a bar ɗan uwa guda ya riƙa zama gefen gado. An ce ana dubawa. Bana shekara biyu ke nan.

Tana nan a sashen. Abincinta a matakalar baya take ci ita kaɗai, inda ba a jin ƙarar na'urori. Ranar Asabar 'yarta kan kira ta.

"Mama, ya aiki?"

Takan ce, "Aiki da godiya. Yaran fa, tarin ya sake su?"