Wayar da ɗankunnena ya ƙi

Kiran assalatu a hanyar filin jirgin Kano ya same mu, ni da ƙanena, jakata cike da kuka da daddawa na 'yata mai karatu a Alƙahira. Niyya biyu na ɗauko: in ga yarinyar da idona, in kuma sayi sabuwar waya. Da waya nake cinikin turaren wuta. In layin cinikina ya mutu yini guda, wata ce za ta kwashe min mutane.

Alƙahira ba ta san shiru ba. Direbobinsu da hon suke gaisawa, da hon suke faɗa. A unguwar Abbasiya yarinyar take haya da ƙawayenta, hawa na biyar, ƙafa da ƙafa, gwiwata kuwa ta faɗa min gaskiya. Suka kawo min koshari, wato shinkafa da taliya da ƙananan wake a kwano ɗaya, da miyar tumatir a kai. Na ce wannan ai garau-garau ne ya yi boko. Gurasarsu araha, nama kuma sai ka yi shawara da aljihu.

Rana ta uku muka hau ƙaramar bas zuwa unguwar Faisal. Babu kwandasta, kuɗin mota daga hannu zuwa hannu yake tafiya har ya isa direba, kuma ba wanda ya danne na wani. Wannan ya burge ni.

A shagon waya, mai shagon ya fito da sabuwa dal, siririya, sai sheƙi. 'Yata ta rikice: "Mama, wallahi ita ake yayi." Kusa da mu akwai wata Baturiya mai furfura, ta jujjuya irinta ta ajiye. Ni ban iya gani in yi shiru ba. Na ce a tambayar min ita dalili.

Ta ce a talla an nuna wayar tana fassara magana nan take, da wasu abubuwan. Amma a ƙasarsu an kulle su, saboda kamfanin da hukumominsu ba su daidaita kan doka ba, kuma ko sisi ba a rage a farashi ba. Ta ce ita da 'yan uwanta sun fasa, tsohuwar tasu na aiki. Na ce a faɗa mata ta yi daidai. Wa zai biya kuɗin rago a ba shi babu cinya?

Sai na ce bari ni ma in duba nawa ragon. Na zare ɗankunnena, don da shi nake buɗe gidan layi tun da na fara riƙe waya. Na bi gefen wayar kaf, babu rami. Na ɗauki kwalin na bi rubutun da yatsa. Sai da na yi jikoki na shiga ajin karatun manya, amma abin da na karanta na karanta: ba ta cin layin da ake sawa da hannu.

Mai shagon ya ce, "Ma'alish ya Hajja," wato yi haƙuri Hajiya, "layin a ciki ake saukar da shi." Na ce to in an ɗauke wuta kwana biyu caji ya ƙare, yaya zan zare shi in sa a ƙaramar wayata mai tocila? Ya yi dariya. 'Yata ta ja mayafina: "Mama, kina ba ni kunya." Na ce kunyarki ba za ta amsa min kiran masu turare ba. Na zaɓi samfurin bara, mai gidan layi biyu. Khalas, in ji mutanen Alƙahira, wato shi ke nan.

Mako biyu na yi na dawo Kano, na tarar unguwarmu kwana uku babu wuta. Washegari da hantsi cajin sabuwar ya ƙare, ta mutu. Na zare ɗankunne, na mayar da layi cikin ƙarama, ko zama ban yi ba kiran wata mai biki ya shigo, turaren amarya take so.

Abin da na koyo a tafiyar nan: ni da Baturiyar nan ba mu jin yaren juna, abin da ta rasa daban, nawa daban, amma hankalinmu ɗaya. Kafin ki saya, tambayi abin da kaya zai yi miki a garinku, ba a talla ba.