Tuwon Gayyar Da Na Ɓata, Surukata Ta Ɗauki Laifin

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da shida, shekarata biyu da aure, ina aikin sakatariya a wani biro, wato ofis, a Tasawa, mijina kuwa mushe ne, wato malamin boko, yana koyarwa a lakwal. A duniya ba abin da nake taƙama da shi kamar girki. Ina da gaz, ina da firigo na sanyaya abinci, ina da tukwane masu ƙyalli waɗanda ba su taɓa sanin hayaƙi ba. In abokan aikin mijina suka zo, na yi masu shinkafa da miyar kaza, na yanka salati na jera, sai su yi ta santi suna cewa Madam ba ta da ta biyu, ni kuma kaina ya yi ta kumbura. Akwai wani gurup na mata a waya inda muke tura hotunan abinci, can nake baje kolin bakina. Na sha rubutawa cewa yawancin mata ba su iya girki ba, cika ciki kawai suke yi, musamman matan ƙauye da ba su san komai ba sai tuwo da miyar kuka, yau tuwo gobe tuwo. Ina faɗa ana yi mini tafi, ban taɓa tunanin wata rana maganar za ta dawo ta shaƙe ni ba.

Mijina ɗan wani ƙauye ne a gefen Kanambakashe. Mahaifinsa ya daɗe da ciwon ƙafa, ba ya iya zuwa gona, 'ya'yansa maza kuma duk sun watse, wani Maraɗi, wani Najeriya, mijina yana Tasawa. Abin da ke riƙe da gonar gidan shi ne gayya, abin da ke riƙe da gayyar kuma shi ne tuwon surukata, wadda nake kira Inna. Wanda bai san ƙauye ba sai ya ɗauka ƙari nake yi. Da damina kowa gayya yake kira, samari kuwa ba su da yawa, su ke zaɓen inda za su. Gidan Inna ba a roƙonsu, da sun ji an ce ranar kaza ce sai su ɗauko hauya, domin sun san tuwon hatsi mai laushi na jiransu, da miyar kuka da ta ji daudawar batso da man shanu. Haka nan duk biki ko suna a garin, ita ake miƙa wa muciyar babbar tukunya. Ba ta da dukiya, ba ta yi lakwal ba, wannan sunan shi ne abin da ta tara a rayuwarta, kuma da shi gidan ke cin abinci.

Da aka ba da hutun lakwal sai muka tafi can mu yi sati biyu, tsakiyar damina, lokacin maimai, wato noma na biyu. Na ɗauki katan na makaroni da gwangwanayen tumatir da dunƙulen miya, a raina ina cewa bari in je in nuna masu abin da ake kira abinci. Inna ta karɓe ni hannu biyu, ɗiyata sama ɗiyata ƙasa, ko tsinke ba ta bari in ɗauka. Maimakon in gode, sai abin ya tsaya mini a rai, na fassara shi da cewa kallon 'yar lakwal take yi mini wadda ba ta iya komai ba. A lokacin rumbu ya kusa ƙarewa, gidaje da yawa sun koma kwaɗon tafasa da rana. Amma Inna ta ware hatsin gayya tun kaka, ta ɗaure shi daban a ɗakinta, ko ranar da aka kwana da kunu ba ta taɓa shi ba. Na san da wannan, don a gabana ta kwance shi aka surfa.

Jajibirin gayya mata suka taru suka yi daka, gari ya cika manyan ƙorai. Da safe Inna ta girka babbar tukunya a kan murhu, ta dama talge ta zuba. To, dole ita ce za ta kai hurar safe gona, ta gaida masu aiki a madadin mai gidanta, gonar kuwa da ɗan nisa. Kafin ta fita ta ce in riƙa duba mata wuta, in riƙa motsa talgen kar ya kama, amma kar in zuba gari sai ta dawo, don talgen babbar tukunya yana son lokaci. Ta bar ni da wata maƙwabciya, ƙawarta ce tun suna amare, tana gefe tana tankaɗen kuka. Sauran matan duk sun tafi gamanarsu, wato 'yan gonakinsu na kansu.

Tana ba da baya shaiɗan ya hau kaina. Na duba agogon waya, na ga talge ya fara tafasa, na ce wane lokaci kuma ake jira, ni da nake gama tuwon mutum huɗu kafin a idar da sallar magariba. Na yi niyyar Inna ta dawo ta tarar an kwashe, a tafi gona ana cewa matar mushe ce ta yi. Na tura kara a murhu har wuta ta lashi bakin tukunya. Maƙwabciyar ta ɗago kai ta ce mini a hankali talgen nan bai nuna ba, kuma ana kwashe wani a ajiye gefe kafin a sa gari, don a riƙa sassauta tuwon da shi. Na amsa mata da cewa manyan baƙi nake yi wa girki a Tasawa, tuwo ba zai gagare ni ba. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tankaɗenta. Na ɗauki ƙwarya na juye gari gaba ɗaya, na ƙara ta biyu, na ƙara ta uku. Da na sa muciya sai ta tsaya cak kamar an kafa ta a laka. Na ja, na tura, hannuwana suka mutu, hayaƙi ya cika mini ido, ƙasan tukunya ya fara ƙauri alhali sama gari ne fari fat. Na kwara ruwan sanyi don ya saki, sai ya zama gudaji manya manya. Kamar wannan bai ishe ni ba, na koma kan miya. Na ture daudawar batso gefe don warinta na damuna, na farfasa dunƙule ban san adadi ba, na ƙara gishiri da ido, ni da ban taɓa auna miyar mutum talatin ba.

Tun daga ƙofar gida Inna ta ji ƙaurin. Ta shigo da sauri, ta buɗe tukunya, ta gutsiri tuwon ta murza a yatsa, gari ya fito ɗanye. Ta ɗanɗana miya ta rufe ido. Ina tsaye ina jiran faɗa, har na shirya abin da zan kare kaina da shi, amma salati kawai ta yi. Ta rage wuta, ta yayyafa ruwan zafi, ita da ƙawarta suka kama muciya su biyu suna tuƙi har zufa ta jiƙa masu zane. Abin da ya ƙone ya riga ya ƙone, ƙaurin ya ratsa ko'ina, gari kuma babu saura, rana ta take tsaka, mutane na can da yunwa. Haka ta tsame na tsakiya da mara, ta jera a akussa, muka ɗauka muka nufi gona, ni ina biye da tukunyar miya a kaina.

Samari suka ajiye hauya suka taru a inuwar gawo suna murna, makaɗin gayya na kiran sunan Inna yana yi mata kirari. Aka buɗe akussa, aka kai loma ta farko, sai murna ta koma ciki. Wani ya juya baya ya tofar. Wani mai bakin tsiya ya tambaya ko yau tuwon ƙasa aka yi masu irin na wasan yara, aka ɗan yi dariya. Nan ne ya kamata in buɗe baki. Kafin in yi wani motsi Inna ta matsa gaba, ta ce su yafe mata, tsufa ne ya zo, ido ya rage, hannu kuma ba ya iya juya muciya kamar da. Ta faɗi haka a gaban mutum talatin, ina tsaye a bayanta, na sunkuyar da kai. Ba wanda ya zage ta, sun girmama ta, amma ba wanda ya ci abin kirki. Mai noma da yunwa ba ya kai la'asar. Bayan azahar suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce akuyarsa, wancan ya ce ciwon kai, aka bar wajen kashi ɗaya cikin uku na gonar cikin ciyawa.

A hanyar komawa na fashe da kuka, na ce ta bar ni in je in faɗi gaskiya. Ta ce in rufa mata asiri in yi shiru. Ta ce ita ta ci zamaninta, amma ni yarinya ce, in sunan nan ya manne mini a garin, har jikokina sai an yi masu gori da shi, kuma ɗanta ne zai riƙa sunkuyar da kai a dandali. Ta roƙi ƙawarta ma ta kama bakinta. Ya kamata in ƙi. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, da ta faɗi haka wani sanyi na ji a raina, na ji daɗi an ɗauke mini. Ko mijina ban gaya masa ba. Da ya ce mini lallai Inna ta fara tsufa, ya kamata a rage mata wahala, kai kawai na gyaɗa masa.

Mijina da wani ɗan uwansa suka yi kwana uku suna fama da sauran gonar, amma hannun alli ba na hauya ba ne, ciyawa ta ci rabonta, damman da aka ɗaure a kakar nan ba su kai na bara ba. Wannan an cike shi da buhunan da 'ya'yanta suka aiko. Abin da ba a iya cikewa ba shi ne sunanta. Bayan kaka aka yi wani suna a garin, muka je, na ga an miƙa muciyar babbar tukunya ga wata, Inna kuma an shimfiɗa mata tabarma cikin tsofaffi, an ce ta huta. Ta zauna tana murmushi, tana tsinke zogale, amma idonta na kan tukunyar, duk sanda aka zuba gari sai in ga yatsunta na motsi a kan cinyarta. Da damina ta zagayo ta kira gayya, mutanen da suka zo ba su cika tabarma biyu ba. An ce mini tuwon ranar ya yi daɗi ƙwarai, sai dai waɗanda za su ba da labarinsa ba su da yawa. Ni kuwa na daina zuwa ƙauyen sai dole, don ba na iya haɗa ido da ita, ita kuma ba ta fasa aiko mini da kuka da man shanu ba, tana cewa a kai wa ɗiyata.

Shekara uku bayan gayyar da na ɓata Allah ya yi mata rasuwa, zazzaɓin kwana biyar. Ranar sadakar uku ina zaune cikin mata ana girki, sai wata ta ce Allah ya jiƙan baiwar Allah, a zamaninta ba a yi mai tuwo kamarta ba, sai dai a ƙarshe hannu ya mutu, ko sun tuna tuwon gayyar nan? Wasu suka ce sun tuna, tsufa ba ya barin kowa. Ƙawarta tana zaune tana fuskantata. Ta ɗago ta dube ni, ba harara ba, kallo kawai, tana jira. Na ce Allah ya jiƙanta, na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu.

Yau in aka tambaye ni ko yawancin mata sun iya girki, sai in ce ban isa in yanke hukunci ba. Na dai gane cewa abin da na iya shi ne sarrafa kaza da mai da tumatir a kan gaz, wanda ko wace ce aka ba ta su za ta yi abin kirki. Macen da za ta ɗauki hatsi da kuka da kara mai hayaƙi ta ciyar da mutum talatin har su noma mata gona da murna, ita ce ta iya, kuma irinta sun cika ƙauyukan da nake yi wa dariya. Ina kira ga 'yan uwana mata, musamman mu da muka yi lakwal, mu rage raina tukunyar da ba mu taɓa tsayawa a kanta ba, in babba ta ce a dakata, a dakata. In kuma kin riga kin yi ɓarna, wata ta ɗauke miki don ƙauna, kar ki karɓa, ki tashi a take ki ce ni ce. Kunyar ranar ɗaya ce, wadda na zaɓa kuwa ba ta da ranar ƙarewa. Ga shi ko a wannan takarda na kasa sa sunana, a garinsu kuma har gobe an san Inna a matsayin tsohuwar da ta ƙona tuwon gayya.