Ƙarfen da Ya Fi Ƙarfin Baba

Ranar wata Laraba ce, shekarar da na shiga aji huɗu, ruwan tafkin Kainji ya ja baya sosai, mu 'yan mata muka gangara wanki a bakin ƙauyenmu na ƙasar Ngaski. Ina neman dutsen da zan ɗora zanen Inna sai na yi tuntuɓe da wani ƙarfe mai faɗi a cikin laka, duk tudu da kwari a jikinsa. Wayyo, da na sani da na bar shi a can! Amma ni 'yar maƙeri ce, ba na wuce ƙarfe. Na kira ƙawayena muka ja shi har gida muna nishi, na bar wankin a jiƙe.

Baba shi ke gyara wa garinmu fartanya, lauje da bakin garmar shanu, kuma bai taɓa mayar da aiki ba. Ya kara wa ƙarfen maganaɗisun tsohuwar rediyonmu, abin ya zame ya faɗi. Ya sa magagari, ko gezau. Wani direba ya ce haƙorin injin fasa dutse ne, wanda ke cin dutse shekara da shekaru bai ƙare ba. Nan Baba ya yi rantsuwa gaban mutane, ya ce, "Da wanga ƙarfe zan yi garmar da jikokinku za su gada."

Mako biyu ina dawowa daga makaranta in tarar da shi yana fama. Da sanyi, duk bugun masaba sai ƙarfen ya ƙara tauri. Da zafi, da ƙyar yake lanƙwasuwa. Gawayin da aka tanada na damina duka ya ƙare, tafin hannunsa ya fashe, Inna na shafa masa man kaɗanya tana mita. Da ya samu siffar garma, sai ya yi abin da ya koya wurin mahaifinsa: ya binne ta cikin toka mai zafi ta huce a hankali, don kada ta yi gautsi.

Ranar gayyar noman shinkafa aka ɗaura wa shanu ita. Kunya ɗaya, kunya biyu, ta ci karo da saiwa, ƙas! Ta rabe uku kamar kaskon tuya. Ba wanda ya yi dariya. Ina tsaye da ƙwaryar kunu, na rasa inda zan sa kaina. Daga nan mutane suka fara kai aikinsu wurin masu walda a Yelwa, wutar maƙerarmu ta yi ta raguwa har ta mutu. Baba bai taɓa ɗora mini laifi ba.

Yau ina koyar da ilimin ƙarafa a wata kwaleji. Na san sinadarin manganis ne ya yi yawa a ƙarfen nan, shi ke sa bugu ya ƙara masa tauri, wani lokaci a haɗa da ɗan kuromiyom don kada ya yi saurin cinyewa. Na san hucewa a hankali ce ke lalata shi. Abin da yake so shi ne a gasa shi ya yi jawur har ya koma ruwan ɗorawa, a tsunduma shi cikin ruwan sanyi nan take.

Baba ya rasu kafin in san haka, yana ganin hannunsa ne ya gaza. Ga tafki guda a bayan gidanmu, taku hamsin bai kai ba.