Muryar Babaji a Wayar Mairo

Yayata Mairo kitso take yi a Ƙofar Sauri, shekara goma sha ɗaya a kan tabarma guda. Ba ta da magana, surutun gidan duk na mijinta Babaji ne. Ɗan kabu-kabu ne, bai iya rubutu ba, komai da murya yake turo mata a waya: "Mairo, ɗora ruwa, ga ni nan." Bayan ƙaramar Sallah mota ta buge shi. Ko hoton kirki bai bari ba, sai muryoyin nan.

Da ta shiga takaba sai ta koma kamar turmi, inda ka aje ta nan za ka iske ta. Ni da karambanina na ɗauki wayarta na kai shagon Malam Sagir mai tura fina-finai. Ya ce akwai wani na Turawa da aka fassara, kowane kashi da labarinsa, duk a kan yadda na'ura za ta lalata duniya nan gaba. Amma fa wayar ta cika. Na ce ya yi yadda ya saba. Ashe yadda ya saba shi ne ya share komai. Sai a hanya na duba, wallahi babu muryar Babaji ko ɗaya.

Kwana uku na kasa faɗa mata. Matan gida suka riƙa taruwa kallo. A wani kashi, ranar bakwai hukuma ke zuwa gidan mutuwa ta goge mamacin daga ƙwaƙwalwar iyalinsa, wai don kowa ya koma aiki. Maƙwabciyarmu Khadija ta ce, "A'uzubillahi! Waɗannan ba su san Allah ba." Ɗiyarta Sadiya ta ce, "Ƙarya ce tsagwaronta, ku ƙara sautin." Mairo ko motsi ba ta yi ba.

Da suka watse na durƙusa gabanta. "Yaya, na yi miki ɓarna."

"Na sani, Fadila. Tun ranar na nema ban gani ba." Ta juya wayar a hannunta. "Jiya na so in tuna yadda yake cewa in ɗora ruwa. Maganar tana nan, muryar ce ta ƙi zuwa."

Na fashe da kuka, na tsani kaina. Ita idonta ƙamas. Ta miƙo mini wayar.

"Sa mana na gaba."