Daminar da Na Yi Ina Jan Bidi a Ƙasa

Tun ina yaro a Mandawari ban san gidanmu babu doki a turke ba. Kakanninmu fatake ne da suka ƙetaro Sahara, kuma ko da fatauci ya koma zaman shago a kasuwa, doki bai bar bargar da ke bayan zaure ba. Da ciwon ƙafa ya hana Baba hawa, sai ya damƙa mini dokinsa, wani bidi. Na karɓa da fankama, don a ganina duk unguwar babu wanda ya kai ni sanin doki.

Na yi masa duk abin da na ga ana yi. Na dinga ɗura masa dawa da dusa da kanwa har ya yi ɓul-ɓul yana sheƙi. Kullum da la'asar kuma in ɗaure ragamarsa sama a jikin azara, kansa a ɗage, ya tsaya a haka har magariba. Haka Baba ya koya mini, shi ma haka mahaifinsa ya koya masa, wai don doki ya saba da ɗaga kai, in ya fito titi a san daga gidan mutunci yake.

A shekara ta uku na lura in na sa ƙafa a likkafa sai ya lotsa. Gadon bayansa ya faɗa, ƙafafun baya kuma jan su yake yi har kofato na kartar ƙasa. Rannan a wata 'yar gangara kusa da Dala ya durƙushe da ni, na sauko ba shiri a gaban teburin mai shayi.

Yayana, wanda ke ɗauke da hidimar gida, bai yi wata-wata ba. Ya ce doki ya ƙare, kuma ya san masu lodin dawakai a mota zuwa kudu. Kowa ya san dokin da ya shiga wannan motar ba hawa za a kai shi ba, yanka ne. Na tada jijiyar wuya, shi ma ya tada, har magana ta kai gaban Baba. Baba ya yanke hukunci cewa in damina ta wuce bidi bai iya kai ni Dukawuya ya dawo da ni ba tare da ya durƙusa ba, a kira masu motar.

Dole ta sa na kira 'yar maƙwabcinmu da ta karanta likitancin dabbobi, yarinyar da a gabana aka yanka ragon sunanta. Ta bi gadon bayan da yatsa, bidi ya zabura kamar an taɓa masa miki. Ta daki kuturinsa da tafin hannu, ta ce duk kitse ne, babu tsokar da za ta ɗauki mutum, balle mutum irina. Sai ta ɗaga kai ta ga igiya tana reto daga azara, ta tambayi amfaninta, na yi mata bayani ina hura hanci.

"Kawu, wannan igiyar ce ta cinye masa baya," in ji ta. "Dokin da kansa ke sama dole bayansa ya lotsa. Ka bar shi ya sunkuya."

Ta hana sirdi har wata uku. Ta ce a rage dawa, a zuba masa harawa a ƙasa don ya miƙa wuya, in riƙa jan shi da ƙafa muna hawan tudu a hankali, in sa shi ja da baya, in kuma jera itace ya riƙa tsallakawa.

Mafi wuya a ciki shi ne kwance igiyar. Baba na zaune a kan kujerarsa yana kallona na hau turmi na warware ta. Sai da ya yi mako guda in na gaishe shi "lafiya" kawai yake cewa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na dai ƙudurta a raina cewa zan iya jure fushinsa, motar nan ce ba zan iya jurewa ba.

Kullum bayan sallar asuba sai mu fita, ni a gaba shi a baya. A unguwarmu mai doki ba ya tafiya a ƙasa dokinsa na biye da shi, don haka na zama abin nishaɗi. Masu Adaidaita Sahu su rage gudu su ce ko a rage mana hanya, ni da shi. Wani abokin Baba kullum sai ya tambaye ni ko yau ma dokin ne ya fito da ni shan iska. In yi dariyar dole in wuce, ina haki a gindin Dala, wando da riga duk taɓo. Itacen tsallakawa kuwa, taɓaren gidanmu na kwaso na jera a tsakar gida, tunda an koma kai niƙa inji. Matata ta ce ko ba a daka da su, ba a yi su don kofato ba, ta sa ni wanke su da sabulu kowace rana.

Mako shida ban ga canji ba, in ban da wandona da ya fara zamewa. Wata safiya ruwa ya yi mana dukan tsiya a kan tudu, na tsaya ina zagin kaina da na biye wa yarinyar da ba ta wuce 'yar cikina ba. Da na waiwaya sai na ga sawunsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Babu layin nan na jan ƙafa, kuma kofaton baya yana sauka daidai kan sawun na gaba, yadda likitar ta ce in riƙa dubawa. Washegari na ƙara mana hawa ɗaya.

Da ruwa ya ɗauke, na ɗaura sirdi a gaban Baba da Yaya. Na sa ƙafa a likkafa, bidi ya tsaya cak. Muka je Dukawuya muka dawo, kansa a ƙasa, babu rangwaɗa ko kaɗan, har wani ya ce tafiyar jaki ya koyo. Ko tuntuɓe bai yi ba.

Na sauke sirdin. Baba ya ce Yaya ya kama shi ya miƙe, ya dafa bango ya zo ya ɗora hannu a gadon bayan da ke jiƙe da gumi. Ya shafa tun daga wuya har kuturi, ya daɗe bai ɗauke hannun ba. Ya ce doki ya ci gaba da zama a gida, sannan ya yi magana ba tare da ya dubi kowa ba.

"Dawakai uku na riƙe kafin wannan. Duk ukun da hannuna na sa su a mota saboda baya. Na ɗauka haka doki yake tsufa."

Muka mayar da shi kujerarsa, ni da Yaya.